Motar da Aka Yi wa Aski

Likitan bai ɓoye mana komai ba. Ya ja ni gefe, ni da ƙanena Manyim, ya ce abin da asibiti zai iya yi wa Inna ya ƙare, in da inda muke so ta kasance, mu kai ta tun da sauran numfashi. Ko duban juna ba mu yi ba, don mun san inda za mu. Tun ranar da aka kawo ta Lome maganarta ɗaya ce, a mayar da ita ɗakinta.

A garinmu Tiyade, tsohuwar da ta cika a ɗakinta ita ake yi wa kiɗa. Jikoki su ɗauke ta a ka suna rawa, a zaga da ita gari, a kwantar da ita a kabarin gidan mijinta tare da waɗanda suka riga ta. Wadda ta cika a asibiti, dattawa kan yi ja-in-ja, a ƙarshe a yanka ɗan akuya a shigar da ita ta baya, ba kiɗa sosai amma dai ta shiga. Wadda ta cika a hanya kuwa, babu wata magana. Ba ta ƙetare ƙofar gida. Bayan tsauni ake kai ta, a rufe ta shiru, kowa ya juyo ba waiwaye. Inna ta yi wa mata da yawa rawar rakiya, ta kuma ga waɗanda aka kai bayan tsauni. Na ce mata mu zauna a asibitin ya fi, ko ba komai za a shigar da ita. Ta harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ce ita ta ƙofar gaba ta shiga gidan nan tana amarya, ba za a cusa ta ta baya kamar kayan sata ba.

To, sai mota. Manyim a tashar jirgin ruwa yake aiki, wajen fito da motocin da ake kawowa daga Turai, kuma a cikinsu ya zaɓar wa kansa wata jif mai ruwan toka. Yadda yake ji da motar nan, matarsa ma ba ta samu haka ba. Gaskiya kuma mota ce. In ka shiga aka rufe ƙofa, sai ka ji kamar an toshe maka kunne da auduga, ana gudu ana hira da ƙaramar murya. Bara da muka je gida da ita, ya dame mu da cika baki cewa tanki ɗaya ya kai mu har ƙofar gida da saura. Ya faɗa a hanya, ya faɗa a gida, ya faɗa a wajen masu shan burkutu.

Abu ɗaya ya ɓata masa rai a waccan tafiyar. In an bar kwalta an kama hanyar garinmu, akwai wani kwari mai duwatsu, nan haɓar robar da ke ƙarƙashin bamba ta riƙa gogar ƙasa, sai da muka sauka muna jera duwatsu yana lallaɓawa. Ya ce wannan karon da Inna a ciki, ba abin da zai tsayar da shi a kwarin nan. Saboda haka jajibirin tafiya ya kai motar garejin Fo Agbeko a yi mata aski.

Duk wanda ya san bakanikanmu ya san askin nan. Mota in ta sauka daga jirgi, kafin ta ga hanyar arewa sai an kwance mata duk wani abu da suke cewa na ƙasar ƙanƙara ne. A cewarsu robobin nan zafi kawai suke tara wa inji, su tara laka, su maƙale a dutse. Tun da Manyim ya sayi motar suke masa dariya wai yana yawo da ita cikin rigar sanyi, shi kuma ya ƙi, ya ce yadda aka ƙera ta haka zai hau ta. Sai a ranar nan ya yarda, saboda Inna.

Na je garejin kai masa katifar da za a gwada a baya, na tarar da tsibin baƙaƙen robobi a ƙasa. Ga haɓar bamba, ga faffaɗan faifan da ya rufe cikin motar ta ƙasa tun daga inji har baya, ga wasu 'yan ƙanana da ke gaban tayoyi. Fiffiken da ke saman gilashin baya ma sun cire, da siraran sandunan rufi da ɗan allon da ke gabansu, don mai walda ya samu wurin kafa kariyar ƙarfe ta ɗora kaya. Dole a yi kariya, tunda an kwantar da kujerun baya, kaya sai sama. Na tambayi Fo Agbeko ko waɗanda suka ƙera motar mahaukata ne da suka sa mata waɗannan abubuwa. Ya yi dariya, ya ce su a ƙasarsu hanya kamar tebur take, ado kawai suke yi. Ya bugi ƙofar motar da tafin hannu ya ce yanzu ta zama ta gida, ta sha iska. Ni mai ɗinki ce, ban san komai a mota ba. Amma na san in ka farke wa riga shafi, ba ta ƙara zama a jiki yadda take.

Gari na wayewa muka ɗauko Inna. Ni na shiga baya na zauna a gefen katifa, kanta a kan cinyata. Gwaggo Neme, ƙanwar babanmu, ta zauna gaba kusa da Manyim. Ita da Inna tun suna matasa suke faɗa suna shiryawa a tsakar gida ɗaya, kuma ita ce babbar macen da ta rage a dangin Baba, duk abin da ya shafi al'adar gida bakinta ake jira. A saman mota an ɗaure akwatin Inna na ƙarfe, da kwanukan da ta zo da su, da buhun shinkafa da jarkar manja saboda baƙi, an lulluɓe da tamfal. Manyim ya cika tanki har sai da ya tumbatsa, ya ce ba tsayawa sai gida.

A cikin gari ba mu ji komai ba, cunkoso ne, ana tafiya ana tsayawa. Inna har magana ta yi, ta ce a gaya wa matar Manyim ta daina zuba wa yara sukari a koko. Muna fita gari hanya ta buɗe, Manyim ya taka, sai abin ya fara.

Daga ƙasa ya taso, wani irin gurnani da ake ji har a ƙashin baya. Iska ce take shiga ƙarƙashin motar, ta daki ƙarafan da a da suke a rufe, ta yi ta kai-komo. Daga sama kuma ƙarafan kariya suka kama fito mai tsini, tamfal yana dukan rufi. Tsakuwa in taya ta ɗebo sai ka ji ta a ƙasan motar kamar ana watsa masara a kwano. Gwaggo ta juyo ta ce wani abu, na ga bakinta kawai. Manyim ya tsaya a gefen hanya, ya leƙa ƙasa, ya ƙara ɗaure tamfal, ya dawo ya ce ba abin da ya kwance, iska ce. Na ce ai na san iska ce, bara ina iskar take? Ya shiga ya ja motar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna tana magana. Ina ganin leɓenta na motsi, na sunkuya har kunnena ya taɓa bakinta, sai in ji ɗumin numfashinta amma kalma ko ɗaya ba ta fita daga cikin ƙarar nan. Na buga bayan kujerar Manyim na ce ya rage. Ya rage, ƙarar ta lafa, fiton ya mutu, motar ta koma kusan yadda muka san ta. Amma da irin wannan tafiyar sai dare ya yi mana ba mu kai rabi ba. Inna ta gane abin da aka yi. Ta buɗe ido ta dube ni, ta ɗaga yatsa ta nuna gaba.

"Ku tafi," in ji ta. "Maganar ba ta gudu."

Muka tafi. Haka muka wuni, tana motsa baki ina gyaɗa kai kamar na ji. Wani lokaci in ɗiga mata ruwa, wani lokaci in goge mata goshi. Ko numfashinta ba na iya ji, sai dai in ɗora hannu a ƙirjinta in jira ya ɗaga. Ban taɓa tsanar wani abu marar rai kamar yadda na tsani ƙarar nan ba. Uwata tana gaya mini maganarta ta ƙarshe a kan cinyata, ni kuma ina sauraron iska.

Wajen Atakpame na lura Manyim yana yawan duban allurar mai. Ya duba, ya dubi hanya, ya sake dubawa, ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Na san ƙanena, in abu ya dame shi wuyansa ne ke sandarewa. Na ɗaga murya na tambaye shi, ya ce ba komai, kaya ne suka yi nauyi. Amma bara mu shida ne a ciki, da kayan biki fal, ba ta sha haka ba. Motar dai ji kake kamar tana tura bango. Da ya ɗaga ƙafa kaɗan sai ta ja baya, sai ya ƙara takawa, allura kuma tana sauka.

A Sokode ya karkata zai shiga gidan mai, muka tarar da layin babura da manyan motoci har bakin titi, famfo ɗaya ke aiki. Ya tsaya a bayan layin, inji na kunne. A wannan ɗan shirun ne na ji numfashin Inna karo na farko tun safe, kuma da ban ji ba ya fi mini. Wani irin ja take yi, sai ya tsaya, sai in ce shi ke nan, sai ya dawo. Gwaggo ma ta ji. Ta juyo ta daɗe tana kallonta, sannan ta dubi Manyim. Shi kuwa ya dubi layin, ya dubi allura, ya yi lissafinsa. Ya ce ya san motarsa, daga inda allurar nan take bara ta kai mu gida. Na ce ga masu sayar da mai a kwalba can, ya saya ko kaɗan ne. Ya ce wannan man da ake gaurayawa da kananzir, in ya toshe masa inji a kan tsauni wa zai tura? In ya ga ta matsa, zai saya a gaba. Ya fita daga layin.

Lissafinsa ba ƙarya ba ne, na yarda da wannan. Sai dai lissafin wata mota ce, wadda ya baro a ƙasan garejin Fo Agbeko.

Muna fara hawan tsaunin Alejo hadari ya haɗo daga gabanmu. Iska ta taso tana dukan motar a fuska, itatuwa suna sunkuyawa. Fiton kariya ya koma kuka, motar tana rawa, Manyim ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana takawa don kada ta mutu a hawa. A nan fitilar mai ta kama. Na gan ta daga baya, 'yar rawaya. Ya ce kada mu damu, fitilar nan in ta kama akwai sauran tafiya mai nisa a cikinta. Duk da haka na ga yana raba ido yana neman masu kwalba. Da muka sauko Bafilo ruwa ya tsuge, duk teburan masu kwalba da ke bakin hanya an kwashe, gidan man da ke nan kuma ba wuta, yaron wurin ya ɗaga mana hannu daga cikin rumfa alamar babu. Tsayawa neman mai gida-gida cikin ruwan nan, ko ci gaba? Gida ya kusa. Ya ci gaba, kuma ko ni a lokacin ban ce ya tsaya ba.

Ruwan bai daɗe ba ya ɗauke. Muka bar kwalta muka kama jar hanya. Kwarin duwatsun da aka yi duk wannan aikin saboda shi, motar ta wuce shi ko gezau, ba abin da ya gogi ƙasa. Manyim har ya juyo ya dube ni, wai in gani. Muka haura tudu, muka wuce gonakin doya, sai injin ya yi tari. Ya sake yi. Manyim ya girgiza motar da sitiyari hagu da dama, yana roƙonta kamar mutum, ta ɗan ja, sannan ta mutu. Ta gangara da kanta har gindin wata ɗorawa ta tsaya.

Shirun da ya biyo baya, har kunnena ya riƙa yi mini ƙara. Sai ɗigar ruwa daga ganye, da kwaɗi can cikin fadama. Manyim ya murza makulli, ya sake murzawa, ya daki sitiyari. Daga nan ana hango tsaunin Tiyade da jajayen rufin kwano a gindinsa, amma tafiyar ƙafa ce mai tsawo ga mai ɗauke da mara lafiya, ga hanya ta jiƙe. Ya ce zai goye ta. Gwaggo ta ce in ya ɗaga ta daga katifar nan, a hannunsa za ta cika. Sai ya fizgi wata jarka, ya zubar da ruwan ciki, ya zura da gudu wajen gari da takalminsa na ofis, yana zamewa yana tashi.

Muka rage mu uku. Na buɗe ƙofar baya iska ta shigo, mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna ta buɗe ido. Muryarta ƙarama ce ƙwarai, amma yanzu ina jin kowace kalma.

"Hodalo, mun iso?"

Da na ce mata e, da ta ji daɗi, amma na san da ta ji haka za ta saki. Na ce saura kaɗan, Inna, Manyim ya je kawo mai, ki riƙe. Ta ja numfashi ta ce ta sani, ɗorawar gonar su Abalo ce wannan, tun tana amarya take zuwa roron kalwa a nan. Na tambaye ta abin da take ta gaya mini tun safe. Ta yi ɗan murmushi ta ce ta riga ta faɗa, ai na yi ta gyaɗa kai. Ban iya ce mata ban ji ba. Har yau ban san ko wasiyya ce, ko addu'a, ko faɗa take yi mini a kan wani abu ba.

Gwaggo ta zagayo ta hau bayan motar, ita da ƙafarta mai ciwo, ta kama hannun Inna. Ta kira ta da sunanta, abin da ban taɓa jin ta yi ba.

"Naka, kada ki ba ni kunya. Ga gida can. Duk taurin kan da kika yi mini shekara da shekaru, yau nake so ki yi shi."

Inna ta ce a ɗaga ta ta gani. Muka tallafe ta ni da Gwaggo, muka juya fuskarta wajen gilashin gaba. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadari, rufin gidaje suna ƙyalli. Ta daɗe tana kallo.

"Ga shi can kuwa," in ji ta.

Muka mayar da ita. Ta ja numfashi, ya tsaya, na jira ya dawo kamar yadda yake dawowa tun Sokode. Na ɗora hannu a ƙirjinta. Na jira. Gwaggo ce ta miƙa hannu ta shafe mata ido, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure mata haɓa.

Ban yi kuka a lokacin ba, wani tunani ne ya shige ni. Jikinta da ɗumi. Ba kowa a hanyar, ko mai kiwo babu. In Manyim ya dawo, tafiyar da ta rage ba ta kai a dafa ruwan shayi ba. Mu shiga da ita ta ƙofar gaba, mu kwantar a ɗakinta, mu rufe ƙofa, in an ɗan jima in fito in yi kururuwa. Na kama gwiwar Gwaggo na gaya mata haka. Na roƙe ta da Allah, na roƙe ta da kabarin Baba. Na ce macen nan ta riƙe ranta tun daga Lome cikin ƙarar da ko lafiyayye ba zai jure ba, ba ita ta gaza ba, mota ce ta gaza. Na ce wa zai sani?

Gwaggo tana hawaye, ba ta ko share ba. Ta ce da za a karɓi ranta a ba Naka na ɗan lokacin nan, da ta bayar.

"Amma ni na sani," in ji ta. "Waɗanda za a kwantar da ita a cikinsu ma sun sani. In muka kai musu ita da ƙarya, ba za su matsa mata ba. Kina so ta kwana a tsaye har abada?"

Na gaya mata maganganu a gindin ɗorawar nan waɗanda ba a gaya wa babba. Ta bar ni na gama, sannan ta ciro zanen Inna mai shuɗi daga jaka, ta ba ni gefe ɗaya, muka lulluɓe ta.

Can muka ji babur. Manyim ne a bayan wani ɗan garinmu, ya rungume jarka a ƙirji, laka har gwiwa, takalmi ɗaya babu. Tun kafin babur ya tsaya ya diro yana cewa ya samo, ya samo. Ya zo bayan motar ya ga zanen. Ya tsaya da jarkar a hannu, yana duban zanen, yana dubana. Ina da maganganu a bakina da na tanadar masa tun safe, amma da na ga fuskarsa ban iya furta ko ɗaya ba. Ɗan garinmu ya cire hularsa, ya juya babur ya tafi kai labari.

Manyim ya buɗe tanki ya zuba man a hankali, ko ɗigo bai zubar ba, ya rufe, ya goge hannu a wando. Motar ta tashi. Ya ja ta sannu a hankali, tunda ba sauran abin gudu, kuma a wannan tafiyar ba gurnani ba fito, har ina jin numfashinsa daga baya.

A bakin gari hanya ta rabu biyu. Ta dama ita ce tamu, daga nan ana ganin mangwaron ƙofar gida da matan da suka taru tun rana suna jiran Inna, wasu har sun miƙe da suka hango motar. Hannun Manyim ya juya sitiyari dama, yadda ya saba tun yana koyon tuƙi. Gwaggo ta ɗora hannu a kafaɗarsa. Ya taka burki, ya kifa goshi a kan sitiyari, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago, ya sa giyar baya, ya kama hanyar hagu wadda ta zagaya bayan tsauni.